Zuwa ga 'yata, kan dattijon gadon nan

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin dare? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Babanku da ta motsa da sanyin nan.

Goggonki ta dawo daga dubiya ranar Laraba, ta zauna tana ta kame-kame, sai da na matsa mata ta faɗa. Wai tana bakin ɗakin maza a asibitin da kike aikin jinya ta ji kina ce wa wani dattijo da ya jiƙa shimfiɗarsa, "Baba, kai yaro ne?" har na gadon kusa suka yi dariya. Na ce ba ke ba ce. Ta ce ita ta goya ki, muryarki ba za ta ɓace mata ba. Tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Da kina ɗakin yara ke kike damuna da waya. Murmushin gane mutum sai wajen sati 6, zama wajen wata 6, allurar ƙyanda a wata 9, maɗiga ta rufe zuwa wata 18. Har faɗa kike wa mai jegon da ta ɗura wa jariri ruwa kafin wata 6, kuma sai kin murza tafin hannunki ya yi ɗumi kafin ki taɓa ɗan mutane. Matakai 8 na rayuwar mutum, na masanin halayyar ɗan Adam Erikson, da kika yi ta bita a tsakar gida har ƙannenki suka haddace, kin ci jarrabawarsu. To na takwas ɗin ne kwance a gadon nan, mutum yana waiwayen rayuwarsa, ko ya gamsu ko ya karaya. Ke kuma kika zo kika ɗora masa.

Jariri ya tsula miki fitsari a cinya, dariya za ki yi. Budurwa ko saurayi kin san a ja musu labule. Sai wanda ya aurar da 'ya'ya, wataƙila ya yi shekara 40 yana jan sallah, shi ne ba shi da kunya?

Shekara 31 na yi da farin kayan jinya, bari in gaya miki abin da ke biyo bayan irin maganarki. Fitsarin nan ba ganganci ba ne. Ƙullin da ke ƙasan mafitsarar namiji kan kumbura da shekaru, wasu magungunan hawan jini kuma aikinsu ke nan, su sa fitsari. Ƙila ma ya kira ba a zo ba. Yanzu da kika kunyata shi zai daina shan ruwa don kada ya sake, alhali tsoho dama ba ya jin ƙishirwa kamar yaro. Jiki ya bushe, kai ya rikice, cikin dare ya lallaɓa shi kaɗai neman bayi don kada ya tashe ki, santsi ya kwashe shi, ƙugu ya karye. Daga nan sai kwanciya, in ba a juya shi duk awa 2 ba gyambo ya buɗe a gadon baya. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba, kuma a fayil "ya faɗi" kawai ake rubutawa.

Na san abin da ke bakinki. Za ki ce kin ji ni da Inna shekarar da ta kwanta. Kin ji. Amma ni kaɗai ce, ga ku huɗu, ga aikin dare, waɗanda ya kamata su karɓe ni kin san inda suka shige. Kuma ban taɓa yi mata a gaban bare ba. Duk da haka kalmar da na faɗa mata daren ruwan nan har yau in na ɗaga hannu sai ta faɗo mini. Ke wa ya matsa miki? Wata nawa kika yi a ɗakin da har bakinki ya yi kaifi haka? Ba tarbiyyar gidan nan ba ce, kuma kada ki kawo mini zancen ƙarancin ma'aikata, na riga ki saninsa.

Abin da ke hana ni barci shi ne kada zuciyarki ta yi kanta tun yanzu. Na yi aiki da masu irin wannan, hannunsu ya ƙware, allura ba ta kuskure, amma majinyaci na jin takunsu sai ya juya wa bango fuska. Da ƙaramar magana suka fara. Allah Ya faɗa a Suratur Rum, rauni, sannan ƙarfi, sannan rauni da furfura. Babanku ya fara cewa a maimaita masa magana. Ni ma jiya sai da na dafa bango na miƙe.

Na san kina gajiya, 'yar nan, na san ba ki da mugun hali. In ba a sallame shi ba, ki je bayan asuba kafin 'yan dubiya su cika. Ki ja labule, ki rusuna ki gaishe shi, ki ba shi haƙuri. Ki fuskance shi ki yi magana a hankali, ihu ba ya ƙara wa tsoho ji. Ki ajiye masa ruwa da tasar fitsari inda hannunsa zai kai.

Na ba direban motar Asabar dambun nama da kuka, akwai man zafi a ƙasan ledar don ƙafarki. Ki kira ni in kin je wurinsa.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki.