Makin da kuke bugawa a kan wasannin gem

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na lura shafinku na kimiyya da fasaha ya fara kawo labarin sababbin wasannin gem, kuma a ƙarshen kowane labari kuna liƙa makin da masu sharhi na ƙasashen waje suka ba wasan: wannan 94, wancan 81, wani 62. Na ji daɗin ganin an fara ba harkar nan fili, domin an daɗe ana yi mata kallon shiriritar yara alhali akwai magidanta da yawa da ke cin abinci da ita. Ni ma a cikinsu nake, gidan gem gare ni. Ƙorafina a kan lambar nan ne da kuke bugawa ita kaɗai, ba bayanin inda ta fito, ba na'urar da aka gwada wasan a kanta, ba ranar da aka bayar. Mai karatu zai ɗauka hukunci ne da aka yanke aka gama, ya je ya zuba kuɗinsa.

Kusan duk makin da kuke kawowa daga shafin Metacritic yake, wanda ya fara aiki a 2001. Shafin ba ya buga wasan da kansa. Yana tattaro sharhin jaridu da mujallu ne, ya mayar da hukuncin kowa zuwa ma'aunin 100, sannan ya fitar da matsakaici. Wanda ya ba wasa taurari uku cikin biyar, da nufin wasan ya yi daidai gwargwado, a can za a rubuta masa 60, a shafa launin rawaya, domin sai daga 75 ake samun kore. Sannan ba kowace jarida ce ake ba nauyi ɗaya ba, kuma Metacritic bai bayyana wadda ta fi wata nauyi ba. Mafi yawan kafafen da yake ɗauka na Amurka da Turai ne. Wannan ba laifi ba ne, amma ya kamata mai karatu ya san bakin wa yake ji.

Kada a raina ƙarfin wannan lamba. Wasan Fallout: New Vegas na kamfanin Obsidian, wanda ya fito a 2010, ya samu 84. Daga baya ɗaya daga cikin manyan ma'aikatan kamfanin, Chris Avellone, ya bayyana cewa yarjejeniyarsu da Bethesda, kamfanin da ya fitar da wasan kasuwa, ta ce sai wasan ya kai 85 za a ba su kuɗin ihsani. Maki ɗaya ya raba su da kuɗin. Idan lamba tana iya yin haka, to kamfanoni ba za su zauna su zuba mata ido ba, za su yi duk dabarar da za ta ɗaga ta a makon farko, lokacin da ake yin cinikin da ya fi yawa.

Babbar dabarar ita ce zaɓen abin da mai sharhi zai gani. Kamfani ne ke aika masa wasan kwanaki kaɗan kafin fitowa, shi ke sa ranar da za a buga sharhi, wani lokaci har da abin da ba a yarda a nuna ba. Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt Red da ke Foland ya fito ranar 10 ga Disamba 2020. Kafin ranar, na kwamfuta kawai aka ba masu sharhi, kuma aka hana su nuna hoton bidiyon da suka ɗauka da kansu, sai wanda kamfanin ya ba su. Maki ya tashi ya kai 90 a kwanakin farko. Da masu PS4, na'urar gem ta kamfanin Sony, suka saka nasu sai ga wani abu daban: hoto yana sarƙewa, motoci da mutane suna ɓulla daga babu, wasan yana mutuwa ana tsakiyar yi. Da aka zo aka auna na PS4 ɗin shi kaɗai, 57 ya samu. Mako guda da fitowarsa Sony ta cire shi daga shagonta na intanet ta ce a zo a karɓi kuɗi, kuma bai koma ba sai Yunin 2021. An gyara wasan sosai daga baya, har mutane suka dawo suna yabonsa, amma babban gyaran na Satumban 2023 bai zo wa PS4 ba sam. To, Malam Edita, a garinmu wace na'ura ce ta fi yawa? PS4 ce ta hannu, har da PS3 da ba ta mutu ba. In kun buga 90 ba ku ce na kwamfuta mai tsada ba ne, kun gaya wa mai PS4 labarin wasan da ba shi zai saya ba.

Akwai kuma abin da ake kunnawa bayan sharhi ya fita. Gran Turismo 7, wasan tseren motoci, ya fito ranar 4 ga Maris 2022 ya samu 87. A lokacin da masu sharhi ke gwada shi ba a buɗe wurin sayen kuɗin cikin wasa da kuɗin gaske ba, saboda haka ba su ga farashi ba. Makonni biyu da fitowa aka yi wani sabuntawa da ya rage ladan da ake samu a wasu tsere, sannan sabar kamfanin, wato babbar kwamfutar da wasan ke haɗuwa da ita ta intanet, ta tsaya fiye da awa 30. A wannan tsakani mutumin da ya sayi faifansa, yana zaune a ɗakinsa shi kaɗai, bai iya buga mafi yawan wasan ba, domin wasan yana buƙatar intanet ko da ba da kowa kake tsere ba. Shugaban waɗanda suka ƙirƙiri wasan, Kazunori Yamauchi, sai da ya fito ya ba da haƙuri. Su can awa 30 suka yi suka tayar da ƙura. Mu nan rashin sabis abokin zama ne. Wasan da ba ya tashi sai da intanet, a wurin mai sharhi a Landan layi ɗaya ne a ƙasan sharhi, in ma ya tuna ya rubuta. A wurina shi ne tambaya ta farko.

Kwanakin baya wani bawan Allah ya shigo shagona riƙe da faifai sabo dal a leda, ya saya wa ɗansa saboda ya ci jarrabawa. Ya nuna mini waya, ga maki kore shar, ya ce in saka masa. Na juya bayan kwalin na nuna masa ɗan ƙaramin rubutun da ke cewa sai da intanet. Muka saka, na'ura ta ce sai an sauke ƙarin gigabait masu yawa kafin a ga ko da fuskar wasan. Yaron yana tsaye riƙe da hannun gem yana kallon layin nan da ke tafiya kamar ba ya so, uban yana lissafin kuɗin data a ka. Kafin a kai rabi aka ɗauke wuta. Mutumin bai yi faɗa ba, ya dai ce, "To shi wannan makin na mene ne?" Ban da amsar da zan ba shi sai cewa makin na wanda bai biya data ba ne, bai kuma biya kuɗin faifan ba.

Maganar kuɗi ma ba ƙarama ba ce. Tun daga 2020 manyan wasanni suka koma dala 70, a 2025 kuma Nintendo ta sa wa Mario Kart World dala 80. A lokacin da dala take wajen naira 1,500, dala 70 ta haura naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Mai sharhin da aka aiko wa wasa kyauta zai iya cewa gajere ne amma ya yi daɗi, ya ba shi 85 da zuciya ɗaya. Wanda ya ba da fiye da albashin wata ya gama wasan a kwana biyu, ba haka zai auna ba.

Wani zai ce to a bar masu sharhi, a koma ga makin da 'yan wasa da kansu ke bayarwa. Nan ma sai an yi hattara, kuma a nan ina bayan masu sharhi. The Last of Us Part II ya fito a Yunin 2020 da maki 93. Wasa ne da ke cin fiye da awa 20 kafin a kai ƙarshe, amma cikin 'yan awoyi da fitowarsa dubban mutane sun riga sun ba shi sifili. Yaushe suka buga? Fushi ne kawai a kan labarin da suka ji an tsegunta. Abin ya kai Metacritic ya kafa dokar sai an jira awa 36 bayan fitowar wasa kafin jama'a su fara sa maki. Mai sharhi ko ba komai ya zauna ya buga, ya sa sunansa, ya kawo hujja, ana iya kama shi da maganarsa. Mai sifilin nan ba wanda ya san ko ya taɓa riƙe wasan.

Duk da haka akwai ranar da ihun jama'a ya faɗi abin da sharhi bai faɗa ba, kuma ya shafe mu kai tsaye. Helldivers 2 ya fito a Fabrairun 2024 ya samu yabo. A watan Mayu Sony ta ce duk mai buga shi a kwamfuta dole ya haɗa da asusun PlayStation Network. Matsalar ita ce wannan asusu ba a buɗe shi a hukumance a mafi yawan ƙasashen duniya ba, a Afirka in ka cire Afirka ta Kudu sai ka yi ta nema. Shi ya sa duk ɗan gem a nan ya san yadda ake buɗe asusu da adireshin Amurka ko Ingila. Aka cire wasan daga Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, a ƙasashe da yankuna fiye da 170. 'Yan wasa suka yi masa ruwan sharhi marar kyau, cikin kwana uku Sony ta janye sharaɗin. Makin masu sharhi bai motsa ba a duk wannan rikici, domin an riga an rubuta an rufe tun Fabrairu.

Bari in zo kan abin da ya fi damuna, wato ƙwallo. A gidan gem irin nawa, in an yi wasa goma, yawanci ƙwallo ne. EA Sports FC, wanda ya gaji sunan FIFA tun 2023, makinsa yana yawo ne a cikin saba'in da wani abu. Wanda ya bi lamba zai ce wasa ne tsaka-tsaki, Astro Bot mai 94, wanda ya lashe kyautar wasan shekara ta 2024, ya fi shi nesa. Na yarda Astro Bot wasa ne mai kyau. Amma ka saka shi a shago ka ga ko wani zai biya kuɗin zama. Mai sharhi yana gwada FC ne da na bara, yana tambayar me aka ƙara. Yaran da ke shagona abin da suke tambaya shi ne ko fasin yana zuwa inda aka aika shi, ko gola yana kama abin kamawa, ko an sa sababbin 'yan wasa a kulob ɗinsu, ko mutum biyu za su zauna su kara ba tare da intanet ba. Sharhin kuwa rabinsa a kan Ultimate Team yake ƙarewa, ɓangaren da ake sayen fakitin 'yan wasa ba tare da an san wanda ke ciki ba. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin wannan a matsayin caca tun 2018, har EA ta daina sayar da kuɗin wasan a can a farkon 2019. FC 25 kuwa ya fito a Turai da tambarin da ke cewa ya dace har da yaro ɗan shekara 3. Uba Bahaushe zai so a gaya masa wannan tun kafin a gaya masa maki.

Ba na cewa masu sharhi ba sa faɗin gaskiya a kan ƙwallo. Lokacin da Konami ta kashe sunan wasan ƙwallonta PES ta fito da eFootball 2022 a Satumban 2021, da fuskokin 'yan wasa a murɗe, masu sharhi da 'yan wasa baki ɗaya suka yi masa ca, kuma sun yi daidai. Har yau akwai shagunan da PES 2021 suke sakawa, a yi masa kwaskwarimar sababbin riguna da 'yan wasa a ci gaba. Kuma na ji daɗin abin da mai sharhin shafin IGN ya yi a 2020, da ya ga FIFA 21 na na'urar Nintendo Switch kusan na bara ne aka sake wa kwali: shi ma ya kwafo sharhinsa na bara ya liƙa, ya ba shi 2 cikin 10. Irin wannan a cikin rubutun ake samunsa. Wanda ya tsaya a lamba ba zai gani ba. Ko a cikinsu ma akwai waɗanda suka gaji da ita: shafin Polygon ya daina sa maki a 2018, shafin Kotaku kuwa ba ya sawa.

Ga kuma wasannin waya. Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty Mobile su ne a hannun samarinmu, har da 'yan mata, amma ba su ne manyan masu sharhi ke ɓata lokaci a kansu ba, kuma wasa ne da ke canjawa duk bayan 'yan makonni, sharhin shekarar da ya fito ba ya bayyana na yau. Wanda zai ce wayar mai ram 3 za ta ɗauka ko za ta yi zafi ta mutu, a nan yake, ba a can ba.

Abin da nake roƙo ba mai wuya ba ne. In za ku buga maki, ku faɗi na wace na'ura ne da watan da aka bayar. Ku ƙara layi biyu: yana yi ba intanet ko ba ya yi, gigabait nawa za a sauke, ana sayen wani abu a ciki da kuɗin gaske ko a'a, akwai abin da bai dace yaro ya gani ba. Duk wannan yana bayan kwali ko a shafin wasan, minti biyar ya isa. In da hali kuma ku samu wani daga cikin matasanmu da ya iya rubutu ya riƙa gwada wasa a kan PS4 da wayar da mutane ke riƙewa, da datar da ya saya da kuɗinsa, ya rubuto muku da Hausa. Akwai su da yawa a gidajen gem na Kano da Kaduna da Zariya. In wakilinku zai zo nema, ya zo bayan La'asar ranar Asabar, lokacin ne ake cika.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Mai gidan gem, Zariya