Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne a kan makarantun firamare na gwamnati, waɗanda a Arewa su ne kaɗai gatan ɗan talaka. Na san amsar da aka saba bayarwa daga Abuja: firamare hakkin jihohi ne da ƙananan hukumomi. Idan aka je wa gwamna kuma sai ya ce kuɗin suna hannun Tarayya. Wannan jifan juna da ake yi shi ne abin da nake so ka duba.

Tun da Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE, wato shirin ba kowane yaro ilimin matakin farko, a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, tsarin bai sauya ba. Tarayya na ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarta ga hukumar UBEC mai kula da shirin, amma jiha ba za ta taɓa kasonta na gine-gine ba sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Manufar mai kyau ce, don kada gwamnoni su miƙe ƙafa. Sai dai a ƙarshen 2024 hukumar da kanta ta ce sama da naira biliyan 100 na jibge ba a ɗauka ba. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Gwamnan da ya ƙi biya ba abin da ke samunsa, 'ya'yansa ba sa makarantar da rufinta ke yoyo. Yaran da ke zaune a ƙasa, sama da ɗari a aji guda, su ake hukuntawa.

Ka tuna makarantun tsangaya na zamani da gwamnatin Jonathan ta gina, sama da 150, wadda ta fara buɗewa a Gagi, cikin Sakkwato, a 2012. Tarayya ta yi gini, ta yanka kirtani, ta miƙa wa jihohi makulli. Wa zai ciyar da ɗaliban, wa zai biya malamai, wa zai shawo kan alarammomi su yarda su kawo almajiransu? Ba a zauna an warware wannan ba kafin a aza tubali. Da yawa daga cikinsu suka koma kufai, wasu aka mayar da su wani abin daban. Yanzu ga makarantun kwamfuta da UBEC ta gina, ɗaya a kowace jiha, kuma ina tsoron kada su bi sahu. Gini yana da daɗin nunawa a talabijin, shi ya sa kowace gwamnati ke son sa. Albashin malami kuwa kowane wata yake dawowa, ba wanda ke ɗaukar hotonsa.

A nan ne matsalar ta fi tsami. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma malamai da dama sun tsorata, domin sun san yadda suka sha a baya a hannun ciyamomi. Ko a Abuja, inda ofishinka yake, malaman firamare sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan mafi ƙarancin albashi. Idan haka ta faru a fadar ƙasa, ina ga ƙauyen da mai duba makarantu bai taɓa takawa ba?

Sai batun harshen koyarwa. A 2022 aka ce a koyar da yara da harshen uwa a firamare, a ƙarshen 2025 kuka ce an soke, a koma Turanci. Ni dai ban gamsu ba. An ɗora wa Hausa laifin faɗuwa jarrabawa alhali ba a buga littattafan ba, ba a horar da malaman ba. Ta yaya za a ce abu ya gaza tun ba a gwada shi ba?

Ba na wanke gwamnoninmu, nasu laifin ya fi yawa, kuma su ma za su ji daga gare mu. Amma akwai abin da ke hannunka. Ka sa UBEC ta riƙa buga sunan kowace jiha da abin da ta bari a asusu duk bayan wata uku, a karanta a rediyo da Hausa, don iyaye su san wanda za su tambaya. Ka kai ƙuduri Majalisa a gyara dokar 2004, ta yadda idan jiha ta yi shekara biyu ba ta biya nata ba, za a iya tura kuɗin gyaran ajujuwa kai tsaye ga kwamitocin makarantu, inda iyaye da masu unguwanni ke zaune. Sannan kada a sake aza harsashin sabuwar makaranta sai gwamnan jihar ya sa hannu a fili kan adadin malaman da zai ɗauka da kuɗin da ya ware musu.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Tsohon malamin firamare, Zariya