Wasiƙa daga Pittsburgh: ƙattin sahun gaba

Aminina,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya jikin Hajiya? Allah Ya ƙara sauƙi.

Ka tambaye ni amfanin waɗannan ƙattin da ke durƙusawa a sahun gaba a ƙwallon Amurka, ba gudu, ba cin maki, sai ture-ture. Ai turen ne sana'ar. Su biyar ne, suna kare mai jefa ƙwallo, suna buɗa wa mai gudu hanya. Na tsakiya shi ke miƙa ƙwallon ta tsakanin ƙafafunsa, kafin ya ɗago an riga an gabza masa karo.

A garin nan in ana maganar na tsakiya, Mike Webster ake nufi. Ya shiga Steelers, ƙungiyar garin nan, a 1974, ya ci kofin Super Bowl, wato kofin zakarun ƙwallon Amurka, sau huɗu tare da su, wasansa na ƙarshe kuma a ƙungiyar Kansas City ya yi, a 1990. Ko ƙanƙara ake yi, da damatsansa a waje yake shiga fili, don kada abokin karawa ya sami hannun rigar kamawa.

Bayan ritaya komai ya rikice. Mantuwa ta kama shi, dukiya ta watse, aure ya mutu, har ya riƙa kwana a cikin motarsa. Mutumin da aka sa sunansa cikin zaƙaƙuran 'yan wasan tarihi a 1997 fa! Ya rasu a 2002 yana da shekara 50.

Ka san wanda ya binciki gawarsa? Ɗan ƙasarmu ne, Dakta Bennet Omalu, mutumin Anambra. A ido ƙwaƙwalwar lafiya lau take, amma hankalinsa bai kwanta ba, ya sa aka yi gwaji mai zurfi, sai ga cutar da ake kira CTE, wadda yawan buguwar kai ke kawowa. Da ya wallafa binciken a 2005, likitocin NFL, hukumar da ke shirya gasar, suka nemi a janye shi. Sai a 2016 wani jami'in hukumar ya amsa a fili cewa wasan na da alaƙa da cutar.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, hular kwanon nan ƙoƙon kai kawai take karewa, ƙwaƙwalwa kuwa tana ta jijjiga a ciki. Na sahun gaba ba sai ya suma ba, ƙananan karon da yake sha kullum, har a wurin atisaye, su ne ke taruwa. Har yanzu ina kallon wasan ranar Lahadi, amma na daina tafi in an yi karo.

Ka gaishe min da Hajiya da yara. Kada ka manta da yajin nan in ka sami mai zuwa.

Naka har kullum.