Barka da Kirsimeti daga Toronto, da maganar Kaka

Zuwa ga Baba da Mama da dukan gida,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Barkanmu da Kirsimeti, Allah ya maimaita mana. Ina lafiya lau, sanyi ne kawai ya sa ni a gaba.

Yanzu ƙarfe tara na safe a nan, wajenku ke nan uku na yamma, an daɗe da tasowa daga sujada. Ba sai an gaya mini yadda gidan yake ba. Mama ta cire kayan Zumuntar matan coci ta ɗaura tsohon zane, yara suna ta zirga-zirga da kwanuka zuwa gidajen maƙwabta, janaretan gidan sama yana ruri, layinmu na Agege ba masaka tsinke. Nan kuwa tsit. Kowa ya kulle ƙofa da iyalinsa, kantuna a rufe, kafin biyar rana ta faɗi. Sun yi wa gidaje ado da fitilu har kan rufi, amma ba mai ƙwanƙwasa maka ƙofa da kwanon abinci. A cocin da nake zuwa jiya da dare aka yi sujadar, aka kunna kyandir, awa ɗaya aka watse. Ba ganga, ba guɗa.

Mama, wainarki ce ta hana ni sakat tun asuba. Ba shinkafa da kaza ba, wannan ko a nan akwai. Waina nake nufi, wadda kike jiƙa shinkafarta tun jajibere, a kai inji, ƙullun ya kwana yana tashi, ki fito da tandar ƙasa da ta yi baƙi don tsufa, mu kuma mu kewaye ki muna jiran wadda gefenta ya ƙone. Na yi ƙoƙari fa. A wani kantin Indiyawa na samu kasko mai ramuka, ashe su ma suna da irin tasu wainar, sai dai ramukan ƙanana ne, loma ɗaya an gama. Ƙullun ya ƙi tashi don sanyi sai da na ajiye shi kusa da na'urar ɗumama ɗaki. Miyar taushe kuwa ba a magana: babu yakuwa, babu daddawar kirki. Abin haushi, mutanen nan suna da kabewa jibgi, amma a watan Oktoba sai su fafe ta su yanka mata ido da baki su ajiye a ƙofar gida, in ta ruɓe su zubar. Da Gwaggo ta gani da ta yi kuka. Na ci abin da na dafa, na yi godiya ga Allah, amma ba zan kira shi waina a gabanki ba.

To, sai maganar da ta dame ni. Yaya Babba ta gaya mini abin da ya faru ranar Lahadi, cewa Auta ya dawo daga taron matasa ya ce duk wanda ya mutu bai karɓi Yesu ba wuta zai shiga, har da Kaka, kuma Baba ya tashi ya bar abincinsa. Baba, ku yi haƙuri, yaro ne, kuma ba daga kansa ya ƙago ba. Ayoyin da ya riƙe suna nan a rubuce: Yohanna 14:6, da Ayyukan Manzanni 4:12 inda aka ce babu ceto ta wurin wani suna. Ni ma na gaskata su. Abin da ban yarda da shi ba shi ne saurin da ya yi ya rufe littafin a nan.

Auta, bari mu yi lissafi ni da kai. Turawan mishan uku na farko na SIM (Sudan Interior Mission), Gowans da Kent da Bingham, sun sauka a Legas ɗin nan da kake zaune a watan Disamba na 1893. A 1894 biyu suka mutu, Kent a Bida, Gowans a Girku. Bingham kaɗai ya tsira, kuma daga garin nan da nake rubuto muku ya ci gaba da tura mutane. Dokta Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a birnin Zariya a 1905, mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa sai a 1932 ya fito, wajen shekara 1,900 bayan tashin Yesu daga matattu. Ga shi kuma Turawan mulki sun daɗe suna taka wa 'yan mishan birki a ƙasashen sarakuna. Kafin mai bishara ya taka ƙauyenmu na ƙasar Malumfashi, ciyawa ta riga ta rufe kabarin Kaka. Ka gaya mini, a wace rana ce ya ƙi? Wa ya kira shi ya juya baya?

Ba wanke shi nake yi ba. Mun san ya yanka wa iskoki zakara a gindin tsamiya, mun san tulun giyarsa. Mun kuma san abin da Baba ke ba mu labari, yadda ya buɗe rumbunsa a shekarar yunwa, yadda baƙo ba ya kwana a waje a gidansa, yadda in ya rantse da Allah magana ta ƙare, don Bamaguje bai taɓa musun akwai Allah a bisa kome ba. Wannan duka ba ya sayen ceto, na sani, da alheri aka cece mu. Amma ka karanta Romawa 2:14-16. Bulus ya ce al'ummai da ba su da Shari'a akwai abin da aka rubuta a zukatansu, lamirinsu yana ba da shaida, wani lokaci ya kā da su, wani lokaci ya kāre su, kuma ta wurin Yesu Almasihu ne Allah zai yi shari'ar asiran mutane. A Atina ya ce musu Allah ya kau da kai daga zamanan jahilci. A Luka 12 Yesu da bakinsa ya bambanta bawan da ya san nufin maigidansa da wanda bai sani ba. Ko a gidanmu Baba bai taɓa dukan yaro a kan aiken da bai aike shi ba.

Sannan Ibrahim fa? Ayuba fa, wanda ba ma Ba'isra'ile ba ne? Ba wanda ya ji sunan Yesu Banazare a cikinsu, amma ba mai cewa sun hallaka. Jinin Almasihu ne ya kai gare su, ko da yake ba su san sunan ba. Mama, ki gafarce ni da zan taɓo wannan a ranar murna: jaririn da kika rasa kafin ni ma bai ji wa'azi ba, kuma ban taɓa jin wani a ikilisiya ya yi shakkar inda yake ba. Su kansu masanan taurari da yara suka yi wasan kwaikwayonsu yau da zannuwan gado, ba Attaura gare su ba. Tauraro aka ba su, da shi suka iso.

Ba mu kaɗai ke wannan tambaya ba. A gidan tsofaffin da nake aiki akwai wata 'yar Filifin, 'yar Katolika, ta ce su tun 1964 babban taronsu na Vatican ya rubuta cewa wanda bai san Bishara ba, ba da laifinsa ba, amma ya nemi Allah da zuciya ɗaya ya bi lamirinsa, yana iya samun ceto. Na san namu fastoci da yawa ba za su sa hannu a wannan ba, suna tsoron mutane su ce to me ya sa ake wahalar kai Bishara. Tsoron yana da dalili. Na kuma tuna Alhaji mai nama ya taɓa gaya wa Baba cewa su ma suna da wannan babi, ahlul fatra, wato mutanen da manzo bai zo musu ba, kuma a Suratul Isra'i an ce Allah ba ya azabtarwa sai ya aiko manzo. Ni dai ba zan ce Kaka yana sama ba, don ba a nuna mini ba. Auta ma ba a nuna masa wuta ba. Tambayar da Ibrahim ya yi a Farawa 18:25, ko Mai shari'ar dukan duniya ba zai yi daidai ba, ita nake so Baba ya riƙe. Kai kuma Auta, ka je ka durƙusa ka ba Baba haƙuri yau ɗin nan, kafin naman ya ƙare.

A gaishe mini da Gwaggo ta Idi-Araba sosai da sosai. Yaya ƙafar? A ce mata ta daina hawa babur, na sa kuɗin mota a cikin abin da na turo, nata ne, kada kowa ya taɓa. Man zafin da ta ce yana nan na saya, kuma rigar sanyin da ta saƙa mini tana ciki ƙarƙashin babbar rigata kullum, duk da ta yi dariya ta ce ba za ta yi amfani ba. Ina gaida Yaya Babba da maigidanta da 'yan biyu, a turo mini hotonsu da kayan Kirsimeti. Kawu na Mile 12, yaya kasuwar albasa? Baba Pasto da Mama Pasto, da matan Zumunta gaba ɗaya, musamman mai buga tulu. Alhaji da Hajiya, na san kwanonsu ne ya fara fita, a ce ina yi musu godiyar naman layyar da aka ci ba ni. Sauran 'yan layi duka.

Mama, akwai wata 'yar cocinmu da za ta zo Legas a watan gobe. In ta kira, a haɗa mata daddawa da busasshiyar yakuwa da kanwa kaɗan, a naɗe da kyau. Tanda kuwa ta ce ba za ta ɗauka ba, na roƙe ta har na gaji.

Taku,
'yarku ta Kanada