Barka da Sallah daga gaɓar Riniya

10 ga Zulhajji, a kan teku, ƙasar Girka

Zuwa ga Baba da Inna, da dukan mutanen gida,

Assalamu alaikum. Barkanku da Sallah, Allah ya maimaita mana, ya karɓi layyarku. Ina fatan kuɗin rago sun iso hannun Yaya a kan lokaci. Ni lafiyata ƙalau, sai kewa, wadda yau ta fi ta kullum.

Bana ban sami Idi cikin jama'a ba. Bara a masallacin Botanikos na Atina, babban birnin Girka, na yi, wanda aka buɗe a 2020, muka cika har waje. Yau kuwa jirginmu ya kwana a gaɓar wani tsibiri da ake kira Riniya, inda ba gari ba ladani. Da hantsi ni da kukunmu, wani dattijo Bamisire, muka shimfiɗa darduma a goshin jirgi, muka fuskanci kudu maso gabas, ya ja mu raka'a biyu. Da muke kabbara muryarsa ta karye, tawa ma ta bi. Kyaftin ya hana a kunna inji har muka shafa. Da rana kuku ya yi mana fatta, abincin Sallarsu, shinkafa da gurasa da romo, da naman da ya sayo tun Atina wurin mahauci Musulmi. Ya yi daɗi, Inna, amma ina tuwonki da miyar taushe!

Baba, ka aiko Yaya ya tambaye ni ko gaskiya ne jirgin da nake aiki na mashaya ne. Ba zan ɓoye maka komai ba. Jirgi ne mai filafilai, iska ke tura shi, attajirai daga Amurka da Ingila da Jamus ke hayarsa na mako guda. Abu biyu ke kawo su: ganin kufan mutanen dā, da ɗanɗanar giyar inabi a gonakin da ake yin ta. Aikina jan igiya, sakin anga, wanke daɓen jirgi, da kai baƙi gaɓa a ƙaramin kwalekwale mai inji. Tun ranar da aka ɗauke ni na faɗa wa kyaftin ba na sha, ba na zubawa, ba na ɗaukar kwalba. Ya amince, kuma har yau bai saɓa ba. Duk da haka raina bai gama kwanciya ba, don albashina daga aljihun waɗannan baƙin yake fitowa. Don Allah ka kai wa Malam maganar yadda na faɗe ta, ba ragi ba ƙari. Abin da ya ce shi zan bi, ko da barin aikin ne.

Shekaranjiya muna tsibirin Santorini. Baƙi suka shiga rumfa, ana zuba musu kaɗan-kaɗan, su juya kofi, su shinshina, su kurɓa, wasu ma su tofar. Ni na tsaya a gona, kuma wallahi kai na yi ta tunawa. Ƙasar duk toka ce da tsakuwar dutse mai aman wuta, ruwan sama ba ya taka kara ya karya, ga iskar arewa da suke kira meltemi, mai kwashe duk abin da ya ɗaga kai. To manomansu ba sa ɗora inabi a kan sanda. Naɗe rassan suke yi a ƙasa, zagaye, kamar gammo, shekara bayan shekara har ya zama kwando, 'ya'yan su yi girma a cikinsa, iska da rana ba su taɓa su. Wani tsoho ya durƙusa ya ɗaga mini ganye, sai ga nonnan inabi kore shar a kwance a inuwa. Ya sa na tura yatsa cikin tokar, na ji sanyi-sanyi. Raɓar da ke tasowa daga teku da dare ita tokar ke tsotsewa, ita itacen ke sha. Asirtiko suke kiran irin. Da ka gani, Baba, da sai an janye ka daga gonar nan.

A kudancin tsibirin akwai Akrotiri, garin da toka ta binne sama da shekara 3,500 da suka wuce. Sai a 1967 wani masani, Marinatos, ya fara tono shi. Na bi baƙi na shiga. Benaye hawa biyu da uku, magudanan ruwa a ƙarƙashin lungu, manyan randuna jere a ɗaki kamar yanzu mai su zai dawo. Ba a sami gawar kowa ba, alama ce sun ga take-taken dutsen sun fice tun da wuri. Na tsaya gaban wata randa ina ta tunanin inda suka nufa, da ko sun sake ganin gida.

Jiya kuma tsibirin Delos, wanda nake hango daga inda nake zaune. Ruwa kaɗan ne ya raba shi da Riniya. Girkawan dā sun ɗauke shi wuri mai tsarki, har a shekara ta 426 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) mutanen Atina suka tone kaburburansa, suka kafa doka: ba a haihuwa a can, ba a mutuwa. Mai naƙuda da mai jinyar ajali, a sa su a kwalekwale a tsallako da su nan Riniya. Inna, da na ji haka sai na tuna ɗakinki inda kika haife mu duka, da Goggo da ta cika a hannunki, a gadonta. Baƙi suna ta ɗaukar hoto da zakunan farin dutse, ni kuwa tausayin matan nan ya hana ni sakewa. Daga baya tsibirin ya zama babbar kasuwar bayi. Yau ba mai kwana a can sai masu gadi da masu tono.

Auta, da kai nake. Na ji kana maganar hanyar Agadas. Hotunan da nake turowa na ruwa shuɗi ne, amma ruwan nan shi ne ya ci ɗaruruwan mutane kusa da garin Filos na Girka a watan Yunin 2023, daga Libiya suka taso, 104 kaɗai aka tsamo da rai. Na ga yadda yake tashi ko muna cikin jirgi mai kyau. Ka riƙe karatunka, kuɗin makaranta a wuyana.

Yaya damina, an yi shuka? A gaida Kawu da iyalinsa, da Yaya da amarya, da yaran gida, a ba kowa goron Sallarsa daga abin da ya saura. Inna, in an sami mai zuwa, kuka da yaji da daddawa nake so. Kada a sa kilishi, ƙwacewa suke yi a filin jirgi. Kyaftin na kira, za mu ɗaga anga kafin iska ta ƙarfafa, tsibirin Mikonos muka nufa. A sa ni a addu'a.

Ɗanku mai kewarku.