Fayil ɗaya, hali daban a Linux da Windows

Malam Edita,

Ina rubuta manhajar ajiye lissafin buhunan shinkafa wa wani mai injin casa a nan Birnin Kebbi, kuma ina so in ja kunnen ƙannena masu koyon wannan sana'a.

Akwai dabarar shimfiɗa fayil kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, mmap a Linux, MapViewOfFile a Windows. Tana da sauri, shi ya sa na rungume ta. To, a Linux ɗina na rage girman fayil yana shimfiɗe, manhajar ta leƙa wurin da aka yanke, nan take SIGBUS, siginar da Linux ke aika wa manhajar da ta taɓa wurin da babu shi a fayil, ya kashe ta. A kwamfutar Alhaji mai injin casar kuwa, Windows ƙin yankewar ya yi sam, ya fito da kuskure mai lamba 1224. Hatta wurin fara shimfiɗar a cikin fayil ya bambanta: Windows sai a kan ninkin kilobayit 64, Linux ɗina 4.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da aka ɗauke wuta ban kira msync ba, wato umarnin da ke tabbatar da an rubuta abin da ke ƙwaƙwalwa a kan faifai. Lissafin yini guda ya salwanta, magatakarda na tsaye da biro a hannu yana kallona.

Don Allah malamanmu su riƙa gwada wa ɗalibai wannan a kan kwamfutoci biyun.

Naku,
Mai karatu daga Birnin Kebbi