An ce na ƙi duba yaron ɗan'uwana saboda rigimar gona

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Don Allah a sakaya sunana da na garinmu, domin kusan kowane gida a nan ana sauraren shirinka.

Ni malamin asibiti ne a wani asibitin sha-ka-tafi a yankin Haɗeja. A Jahun na yi karatun kiwon lafiya, kuma shekara 14 ke nan ina aiki a garin da aka binne cibiyata. Jiya wurin sadakar uku, ɗan baffana ya miƙe a gaban dattawa ya ce ni na kashe masa ɗa. Har yanzu ban runtsa ba.

Yaron shekararsa 3. Ranar Asabar aka kawo shi da zazzaɓi, na huda yatsarsa na yi gwajin cizon sauro, cikin minti 15 layi biyu suka fito, alamar yana da cutar. Na ɗora shi a ma'auni, kilo 12. Yaron da bai kai kilo 15 ba ƙwaya 1 ta maganin cizon sauro yake sha sau biyu a rana har kwana 3, ƙwaya 6 ke nan, kuma ta biyu bayan awa 8 da ta farko. Ana haɗawa da madara ko abinci mai maiƙo don maganin ya kama jiki, in ya yi amai kafin rabin awa a sake ba shi wata. Duk na faɗa wa uwar, har na zana mata rana da wata a bayan kwalin. Daga baya na ji ƙwaya 2 kawai aka ba shi, da jikin ya yi sanyi aka ajiye sauran don ƙanwarsa. Wannan shi ne abin da ke cinye mana yara kowace damina: zazzaɓin ya lafa, ƙwayar cutar tana nan tana fasa jini.

Kuma Malam, gidan nan ko maganin rigakafin cizon sauro da ake bi gida-gida da shi daga Yuli zuwa Oktoba ba sa karɓa. Na kwana 3 ne duk wata, na farko a gaban mai rabo, biyu a gida. Uban yaron ne ya kori 'yan matan da na tura, wai ba a shiga masa gida. Mutum ne da tun muna makarantar allo ba ya son a ce wani ya fi shi. Gonar fadama da muke rigima a kanta tun rasuwar mahaifina, Allah ya jiƙansa, ba ni na tayar da maganar ba. Kakanmu ya bar ta ba a raba ba, kuma wani yanki nata ne ya bayar aka gina asibitin da nake aiki a ciki, shi ya sa yake cewa mu mun riga mun ci rabonmu. Kamar albashina daga filin yake tsirowa. Maganar tana gaban dagaci shekara 2, ba a yanke ba.

In koma kan yaron. Daren Talata suka dawo da shi a saɓe, yana jijjiga, ba ya karɓar ko ruwa. Na buɗe tafin hannunsa, fari fat kamar takarda, ƙasan idonsa ma haka. Na yi masa allurar atesunet ta farko, ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, miligiram 3 a kowane kilo tunda bai kai kilo 20 ba, na rubuta takardar tura shi babban asibiti, na ce a tafi yanzu, jini yake bukata. Uban ya ce in sa masa ruwa kawai. Na ce ruwa ba ya zama jini, yaron da jininsa ya ƙare in ka ɗura masa leda sai zuciya ta gaza. Ba ni da injin auna jini, ba ni da wurin ajiye shi, firjin da nake da shi mai sola ne na alluran rigakafi. Ya ce dama ya san ba zan taɓa ɗansa ba, ya ɗauke shi ya nufi wani kemis, aka sa masa ruwan. Kafin asuba rai ya yi halinsa.

Na manta ban faɗa ba, ranar Litinin da rana wai sun zo ba su same ni ba. Na tafi sakatariya ɗauko alluran rigakafi, aikin da ba mai yi sai ni, kuma hanya ta lalace. Ni kaɗai ne ma'aikacin dindindin, sai yarinya mai aikin sa kai, ita kuma ta kulle da azahar. Da na dawo da magariba an ce mini an neme ni daga gidan Baffa, na ɗauka maganar gonar ce, ban je ba. Wallahi da an ce yaro ne ko a gajiye da na taka. Ba wanda ya ce yaro ne.

Lokacin ambaliyar 2022 a kwalekwale nake kai gishiri da sukari unguwanni, gidansu na cikin waɗanda na fara shiga. Matarsa sau biyu tana haihuwa ana buga mini ƙofa da tsakar dare. Yau mata suna ganina a bakin rijiyar burtsatse suna kau da kai, jiya ranar rigakafi yara 4 kacal aka kawo, inda na saba ganin fiye da 30.

Tun bara aka yi mini tayin komawa wani asibiti kusa da Dutse, na ƙi saboda Inna, idonta ya yi rauni kuma ta rantse ba za ta bar ɗakin mijinta ba. Yanzu ita ce ke cewa in je in durƙusa gaban Baffa in ba da haƙuri ko ba ni da laifi, zumunci ya fi gaskiyata. Matata kuma ta ce in na durƙusa na amsa kisan ke nan har jikokina. Rijistar asibiti tana nan, da ranar, da nauyin yaron, da kwafin takardar turawa. In kai wa dagaci a karanta a gaban kowa? In na yi haka uwar yaron ce za ta sha kunya kan ƙwayoyin nan 4, ga ta cikin makoki. Ko in bar musu gonar baki ɗaya in karɓi canjin wurin aikin? To wa zai riƙe asibitin, ga watan Satumba muna ciki?

Malam, sadakar bakwai ta ƙarato. In je, ko in aika Inna da goro in zauna a gida?

Naka,
Malamin asibiti daga yankin Haɗeja, Jihar Jigawa